Wucin Gadin da Ba Ya Wucewa

Shekara shida wata abokiyar aikina ta yi a kan kujera ɗaya, a bakin ɗakin fayil, amma har ranar da ta tattara kayanta sunanta bai shiga jerin lambobin wayar ma'aikata da ke manne a bango ba. Teburina yana kallon nata, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Ita ta koya mini shigar da takarda a rajista. Ita ta san fayil ɗin da ya ɓata tun kafin a kawo kwamfuta da inda kwafinsa yake, kuma duk sabon shugaban sashe da aka turo, ita ke zaunar da shi ta warware masa kan aikin. Katin shaidarmu fari ne, nata rawaya. Ranar da aka kira taro kan gyaran albashi, sakatare ya leƙo ya ce, "Kowa ya shigo, ban da 'yan wucin gadi." Muka tashi muka shige, ita kuwa ta zauna tana ɗaga wayoyin da ke ƙara a kan teburanmu.

Bayan mun fito na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, wai wa kike riƙe wa wurin nan?" Ta dube ni ta ce, "Wa kuwa, ƙanena? Babu kowa a kujerar na same ta, kuma babu wanda ake jira." Duk wata shida ake sabunta mata takarda, ta hannun wani kamfanin dillancin ma'aikata da sau ɗaya tak ta taɓa taka ofishinsa.

Tun daga ranar kalmar nan ta tsaya mini a rai, kuma ga inda na tsaya a kanta: wucin gadi siffa ce ta aiki, kuma ba ta halatta a baki sai in mai faɗinta zai iya nuna ranar da aikin zai ƙare, ko ya ambaci wanda ake jira ya dawo. In babu ɗaya daga cikin biyun, kalmar ta tashi daga bayani ta koma mayafi. Ana lulluɓa ta ne a kan mutum domin kada a ga abin da aka hana shi.

Hausa ba ta ɓoye ma'anarta ba. Kunne yana jin wucewa a cikinta. Idan ambaliya ta cinye gada aka jera ƙarafa don motoci su samu haurawa, gadar wucin gadi ce, kuma kowa ya san ana jiran ta gaske. Gwamnatin wucin gadi tana da zaɓe a gabanta. Muna ma da wata kalmar da ta fi wannan mutunci, wato riƙon ƙwarya. Mai riƙon ƙwarya ya san ƙwaryar ba tasa ba ce, mai ita yana nan tafe, amma amana aka ba shi, kuma duk ikon kujerar yana hannunsa muddin yana kanta. Abin lura shi ne wa ake ba wace kalma. Idan babban darakta ya tafi jinya, wanda ya hau kujerarsa muƙaddashi ne ko mai riƙon ƙwarya, har da alawus na riƙo. Idan mai buga takarda ce, sai a ce 'yar wucin gadi, ko da babu wata mai bugun da ta tafi ko'ina.

Akwai kuma wata ma'ana ta biyu da kalmar ta ɗauko a hanya, wadda na fi jin zafinta. Yanzu muna cewa ƙafar wucin gadi, haƙorin wucin gadi, tafkin wucin gadi, alhali ƙafar nan mai ita zai mutu da ita, tafkin kuma zai wuce jikokin waɗanda suka haƙa shi. A nan ba maganar lokaci ake yi ba, ana nufin abin ba na ainihi ba ne, ƙirƙirarsa aka yi ya tsaya a madadin na gaske. Wannan ma'anar ce ke bin ma'aikaci a ɓoye. Bakin shugaba yana faɗin ta farko, kunnen abokan aiki yana jin ta biyu: wannan ba ma'aikaciya ba ce sosai, tana dai kama da ita.

Masu Turanci sun taƙaita tasu kalmar har ta zama gaɓa ɗaya, "temp", kuma suna amfani da ita a matsayin sunan mai aikin wucin gadi da kuma sunan yin aikin. Tana da tarihi da za a iya bin sawunsa. A 1946 William Russell Kelly ya buɗe wani ɗan ofishi a birnin Detroit na Amurka, inda kamfanoni ke kawo aikin bugun takarda da lissafi a yi musu. Ba a jima ba abokan ciniki suka fara cewa a turo musu mai bugun ta zo ta yi a ofishinsu, sai sana'ar ta juya daga sayar da aiki zuwa tura mutum. A 1948 wasu lauyoyi biyu a Milwaukee, Elmer Winter da Aaron Scheinfeld, suka rasa wadda za ta buga musu wata takardar shari'a da wa'adinta ya matso. Daga wannan matsin suka kafa Manpower. Duka biyun buƙata ce ta gaskiya ta haife su, kuma ban ga abin zargi a mafarinsu ba.

Inda zance ya fara karkacewa shi ne wajen raɗin suna. A 1957 kamfanin Kelly ya sa wa kansa suna Kelly Girl Service, har "Kelly Girl", wato yarinyar Kelly, ta zama yadda Amurkawa ke kiran duk mace mai aikin ofis na ɗan lokaci, ko wane kamfani ya turo ta. Manpower ma ya tallata nasa matan da fararen safar hannu. Hoton da aka sayar wa jama'a shi ne na matar aure mai rufin asiri, wadda mijinta ke ɗauke da gida, ta fito ne kawai don ta rage zaman banza ta samu na kashewa. Suna linzami ne. Idan yarinya ce, ba ta da iyalin da take ciyarwa. Idan na kashewa take nema, ba sai an yi maganar fansho ba. Ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi na wancan zamani, waɗanda mazan masana'antu suka cika, ba su ga abin faɗa a kai ba, ko da yake kamfanonin suna tura maza aikin ƙarfi tun a lokacin. A 1966 aka cire "yarinya" daga sunan, ya koma Kelly Services, amma hoton ya riga ya zauna a zukata.

Wani talla da kamfanin ya buga a 1971 ya faɗi abin da ake sayarwa ba tare da kunya ba. Ya siffanta ma'aikaciyar da ba ta zuwa hutu, ba ta neman ƙarin albashi, ba ta mura a lokacin aikinka, ba ka biya mata harajin fansho ko na rashin aiki, kuma idan aiki ya ja baya sai ka sallame ta. Duk wanda ya karanta wannan jerin a natse zai ga babu ko layi ɗaya da ke magana kan gajeren lokaci. Abin da aka lissafa shi ne duk abubuwan da ke nuna mai aikin ɗan Adam ce: tana gajiya, tana ciwo, tana tsufa, buƙatunta suna ƙaruwa. Waɗannan ne aka yi alkawarin ɗauke wa mai ofis. Ba a ɗauke wa matar su ba. Za ta ci gaba da yin mura, sai dai a ranar ba za a biya ta ba.

Yadda tsarin yake aiki yana da ƙafa uku. Dillali ne ke ɗaukar mutum a takarda, shi ke biyan albashi. Ofishin da aka tura shi ne ke ba shi umarni, ya sa masa lokacin zuwa da na tashi. Ofis yana biyan dillali kuɗin kowace awa, dillali ya cire nasa kason ya ba ma'aikaci saura. Wasu za su ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ni ba kason dillali ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne an raba iko da alhaki. Wanda ke iya cewa kada ki dawo gobe ba shi ne ubangidanki a doka ba, wanda yake ubangidanki a doka kuma bai san kalar teburinki ba. A manyan kamfanoni da yawa kuɗin irin waɗannan ma'aikata ba ya shiga lissafin albashi, yana bi ta sashen saye-saye ne, sashen da ke sayen takarda da tawada. Shi ya sa kamfani zai iya shelanta cewa ya daina ɗaukar ma'aikata alhali kujerunsa suna ƙara cika. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta rubuta a sanarwarta ta Filadalfiya a 1944 cewa aiki ba haja ba ne. A 1949 ta fitar da yarjejeniyar da ta nemi a soke dillalan aiki masu karɓar kuɗi ko a ɗaure su da ƙa'ida, sannan a 1997 ta amince da zamansu a yarjejeniya ta 181, bisa sharaɗin a kare ma'aikaci kuma kada a caje shi kuɗin nema masa aiki. Duniya ta karɓi dillali, amma tambayar wa ke da alhakin wa ba ta mutu ba.

Shari'ar da ta fi fito da ita fili ita ce ta Microsoft. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar harajin Amurka ta binciki kamfanin ta gano cewa mutane da yawa da yake kira 'yan kwantiragi masu zaman kansu ma'aikatansa ne a zahiri. Kamfanin ya ɗauki wasu dindindin, ya mayar da wasu hannun dillalai, suka ci gaba da zama a teburansu na da suna aikinsu na da. Katinsu ruwan lemo ne, na 'yan gida shuɗi. Adireshin imel ɗinsu ma yana farawa da wani harafi na daban, yadda duk wanda ya samu saƙo daga gare su zai san matsayinsu kafin ya karanta. A 1992 wasu daga cikinsu suka kai ƙara, a shari'ar da ta shahara da sunan Vizcaino. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce suna da haƙƙin shiga shirin sayen hannun jari mai rangwame da ma'aikatan kamfanin ke mora, kuma a Disamban 2000 Microsoft ya amince ya biya dala miliyan 97 ga dubban mutane. A wannan zamanin ne wata kalma ta bazu a Turanci, "permatemp", wadda aka ƙera ta hanyar haɗa dindindin da wucin gadi a wuri guda. Kalma ce mai cin karo da kanta, kuma cin karon nata shi ne gaskiyarta. Harshe bai samu yadda zai faɗi abin ba sai da ya karya kansa.

Abin da ya biyo baya shi ne gyaran gangar Auzinawa. Darasin da kamfanoni suka ɗauka bai zama a daina riƙe mutum shekaru da sunan wucin gadi ba. Sun koyi kada a bar shi ya yi kama da ɗan gida. A shekarar 2000 ɗin Microsoft ya sa ƙa'idar cewa wanda dillali ya turo ba zai wuce shekara guda ba sai ya tafi hutun dole na kwana 100, ba albashi. Lauyoyi suka shiga ba kamfanoni shawarar a raba katin shaida, a raba taro, a raba har walimar ƙarshen shekara. Wato "ban da 'yan wucin gadi" da sakatarenmu ya faɗa ba rashin tarbiyyarsa ba ce shi kaɗai, tsari ne da aka zauna aka tsara. Yawan mutanen kuwa bai ragu ba. A watan Maris na 2019 Google yana da 'yan wucin gadi da 'yan kwantiragi kimanin 121,000 a duniya, ma'aikatansa na dindindin kuma kimanin 102,000. Wato 'yan wucin gadi da na kwantiragi sun fi 'yan gida yawa.

Jamusawa sun daɗe da gane cewa faɗan a kan suna yake. Kalmomi biyu suke da su ga abu ɗaya. Kamfanonin dillanci sun fi son "Zeitarbeit", aikin lokaci. Ƙungiyoyin ƙwadago suna cewa "Leiharbeit", aikin aro. Daga kalmar da mutum ya zaɓa za ka gane ɓangaren da yake. Ta farko tana jan hankalinka zuwa agogo, ta biyu tana tilasta maka ka tambayi wa ya ara, wa aka ara, a hannun wa. Masana shari'arsu sukan ƙara da cewa ko aron ma bai cika daidai ba, domin a dokarsu aro kyauta ne, abin da ake biyan kuɗi a kansa haya ne. Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, don bambancin aro da haya a bakinsa yake. Yayata ta ɗakin fayil ba aronta aka yi ba, hayarta aka ɗauka, wata shida-shida, har shekara shida. Na san "ma'aikaciyar haya" ba ta da daɗin ji, kuma ba zan so a kira ta da shi a gabanta ba. Amma idan takardar kasafin ofis za ta rubuta haka ƙarara, wanda zai sa hannu zai ɗan dakata, kuma wannan dakatawar nake nema.

A Japan kalmar ita ce "haken", wato turawa, ma'aikacin da aka tura. Dokar da ta halatta tsarin ta fara aiki a 1986 ga sana'o'i goma sha uku kawai, akasarinsu na ofis da ƙwarewa. A 1999 aka buɗe ta ga kusan kowane aiki, a 2004 aka ƙara da masana'antu. Da tattalin arzikin duniya ya durƙushe a ƙarshen 2008, waɗannan aka fara zubarwa, har aka samu sabuwar kalma, "haken-giri", yanke turarru. Da yawa a ɗakunan kwanan kamfani suke zaune, saboda haka aiki da makwanci suka tafi a rana ɗaya, a tsakiyar hunturu. Daga 31 ga Disamban 2008 zuwa 5 ga Janairun 2009 masu sa kai suka kafa tantuna a lambun Hibiya da ke Tokiyo, daura da ma'aikatar ƙwadago, mutum kusan 500 suka fake a wurin, har ma'aikatar ta buɗe musu zaurenta. Akasarinsu 'yan masana'anta ne, amma ƙofar da suka shigo ta ita ce wadda aka fara buɗewa da sunan aikin ofis.

Kada a ɗauka ina cewa babu aikin wucin gadi na gaskiya. Akwai shi, kuma yana da amfani. Mace ta tafi hutun haihuwa, wani ya kwanta asibiti, ƙarshen shekara ya zo lissafi ya taru, ana ƙidayar jama'a, ana kwashe tsofaffin fayiloli zuwa kwamfuta. Duk waɗannan suna da ranar ƙarewa ko mai kujerar da zai dawo. Akwai kuma mutanen da su da kansu ba sa son ɗauri: ɗalibi mai hutu, mai jinyar iyaye, wanda ya yi ritaya yana son fita kwana biyu a mako. Hana su wannan hanyar zalunci ne na daban. Namibiya ta gwada haramta hayar ma'aikata ɗungurungum a dokar ƙwadagonta ta 2007, saboda tarihin ɗacin da tsarin kwantiragi ya bari tun zamanin mulkin Afirka ta Kudu, amma a Disamban 2009 kotun ƙolin ƙasar ta soke haramcin. Ina ganin dalilin masu dokar, kuma zuciyata tana wajensu, sai dai ba na jin haramci ne maganin.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce wucin gadi tsani ne, ka shiga ta nan a ga ƙwazonka a riƙe ka. Yakan faru, na ga waɗanda ya faru a kansu. Amma masana tattalin arziki biyu, David Autor da Susan Houseman, sun bi sawun masu ƙaramin ƙarfi da wani shirin gwamnati ya nema wa aiki a Detroit, garin da Kelly ya fara. Sakamakon da suka wallafa a 2010 ya nuna waɗanda aka sama wa aiki kai tsaye sun samu ƙarin kuɗin shiga da ɗorewar aiki daga baya, waɗanda aka bi da su ta hannun dillali kuwa ba su samu wannan ci gaban ba. Bincike ɗaya ne a gari ɗaya, kan rukunin mutane ɗaya, amma ya isa ya sa mai cewa tsani ne ya nuna mana mutum nawa suka hau.

Ƙasashe da yawa sun yi ƙoƙarin mayar wa kalmar ma'anarta ta hanyar sa wa'adi. A Birtaniya, tun Oktoban 2011, wanda ya yi mako goma sha biyu a aiki ɗaya yana da haƙƙin albashi da hutu daidai da ɗan gida. A Afirka ta Kudu mai ƙaramin albashi da ya wuce wata uku ana ɗaukarsa ma'aikacin wurin da yake aiki, kuma kotun tsarin mulki ta tabbatar da haka a 2018. Matsalar wa'adi ita ce a kan wa ake ƙirga shi. Idan a kan mutum ne, sai a canza mutum a bar kujera. A Filifin doka ta ce wanda ya wuce wata shida na gwaji ya zama na dindindin, sai aka wayi gari ana sallamar mutane a wata na biyar, har abin ya samu suna a bakin talakawa, "endo", gutsuren kalmomin ƙarshen kwantiragi. A Jamus gyaran dokar 2017 ya ce kada turarre ya wuce wata goma sha takwas a kamfani ɗaya, kuma a daidaita albashinsa bayan wata tara, amma ƙirgen yana bin mutumin ne. Ana iya ɗaga shi a zaunar da wani washegari. An gudu ba a tsira ba, har ma wanda da zai yi shekara shida yanzu shekara ɗaya da rabi zai yi.

Faransa ce na ga ta fi kusa da abin da nake nufi, ko da yake can ma ana samun masu zagaye doka. Kalmarsu "intérim" ta fi kusa da riƙon ƙwaryarmu, tsakanin tafiyar wani da dawowarsa. Dokarsu ta ce ba a ɗaukar irin wannan ma'aikaci don cike gurbin da ke cikin aikin yau da kullum na kamfani. Sai an rubuta dalili a takardar: wane ne ba ya nan, ko wane aiki ne ya ƙaru na ɗan lokaci, ko wane aikin kaka ne. Idan kwantiragi ya ƙare, a mafi yawan lokuta sai kujerar kanta ta huta na wani wa'adi kafin a sake zaunar da wani turarre a kanta. Idan aka karya waɗannan, kotun ƙwadago tana iya mayar da kwantiragin na dindindin. Sannan a ƙarshen aiki ana biyan mutum ƙarin kashi goma cikin ɗari na duk abin da ya samu, ladan rashin tabbas, sai fa in kamfanin ya riƙe shi dindindin. Ostireliya ma tana ƙara wa ma'aikacin da ba shi da tabbas kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin awa, a madadin hutun da ba ya samu. Hikimar a bayyane take. Rashin tabbas kaya ne mai nauyi, kuma wanda ya ɗora wa wani shi ya kamata ya biya kuɗin dako. Idan wucin gadi ya fi dindindin tsada a kowace awa, mai ofis ba zai neme shi ba sai ranar da yake buƙatarsa da gaske. Idan ya fi araha, zai kira kowace kujera wucin gadi, kuma ba sai ya zama mugu ba, lissafi ne zai kai shi.

Sai dai doka tana da nisa, baki kuwa yana kusa. Mu da muke da farin kati muna da namu kason a ciki, kuma ni ma ban fita ba. Shekara biyu na yi ina cewa "ba wa 'yar wucin gadin nan" kafin na fara kiran sunanta a gaban shugabanni. Na ga ana karo-karo idan wani ya yi rashi a tsallake teburinta, wai don kada a ɗora mata nauyi, da nata rashin ya zo kuma babu wanda ya tuna, don ba ta cikin jerin. Ƙungiyarmu ta ma'aikata ba ta taɓa sa maganarta a ajanda ba, saboda ba ta biyan kuɗin ƙungiya, kuma ba ta biya ne saboda tsarin ƙungiyar bai san da irinta ba. Alhali kowace kujera da aka mayar ta haya tana rage ƙarfin waɗanda suka rage, domin shugaba ya riga ya ga ana iya yin aikin da rabin haƙƙi.

A shekararta ta shida aka ba wani dillalin kwangilar, shi kuma ya zo da nasa mutanen. Aka ce ta yi makonta na ƙarshe tana koya wa wadda za ta gaje ta, ta kuwa koya mata tsakani da Allah, har ta rubuta mata littafi guda na inda komai yake. Ta roƙe ni in rubuta mata takardar shaidar aiki don ta nema a wani wuri. Na rubuta cewa ta riƙe rajistar sashenmu shekara shida ba a taɓa samun ta da kuskuren da ya jawo asara ba, na kai wa shugaba ya sa hannu. Ya karanta, ya jinjina kai, ya ce duk abin da na rubuta gaskiya ne, amma ba zai iya sa mata hatimin ofis ba tunda ba ma'aikaciyarmu ba ce, sai dai ta nema a wurin kamfanin da ya turo ta. Ta je can. Suka duba kwamfuta suka ba ta takarda mai layi uku, mai ɗauke da sunanta, da ranar farawa da ranar ƙarewa, da matsayinta: ma'aikaciyar ofis ta wucin gadi. Da wannan takardar ta shiga neman aiki tana da shekara arba'in da ɗaya.